Shekarar da Bukar Ya Rubuta Kwarin Giyayya Ƙasar Banza

Azumin bana ya kama mu da zafi, irin wanda tun hantsi mutum ke neman inuwa. Ina kishingiɗe a gindin darbejiyar ƙofar gida sai ga mota ta tsaya, mutum uku suka sauko. Shugabarsu mace ce, 'yar Filato, ta ce sunanta Rifkatu. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce ƙanina Bukar ne ya turo su su duba Kwarin Giyayya, wato fadamar garinmu, nan gabas da Hadejia a hanyar Kirikasamma.

Bukar ɗin nan masanin tattalin arziki ne, a aikin sauyin yanayi ya yi furfura. Yau yana wannan ƙasa, gobe yana waccan, yana zama da manya a kan abin da suke kira kasuwar kabon. Ya sha yi mini bayani. Abin da na riƙe shi ne, masu manyan masana'antu su biya mutanen karkara don a bar itatuwa da fadamu yadda suke, su riƙa shanye hayaƙin da ake fitarwa. Nakan ce masa, "Bukar, gidanmu da kifi da shinkafa aka san mu, kai ka ƙare a dillancin hayaƙi." Dariya kawai yake yi, ya ce, "Yaya Modu, kai dai ba ka canzawa."

Na shiga gaban motar na kai su. Kwarin ya bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage har ƙafa tana iya faɗawa, ba tsuntsu ba akuya, sai giyayyu tsaye a gefe. Ɗaya daga cikin mazan ya duba gabas ya duba yamma, ya ce ai wannan fili ne a banza, a cika shi da dashen itatuwa kawai. Rifkatu ta ce ya mayar da bironsa aljihu. Ta juyo ta ce mini, "Baba, yau gaisuwa muka zo. Malam Bukar ya hana mu rubuta komai a kan ƙasa sai mun gan ta da damina, da kaka, da rani, da bazara."

Na yi ta dariya har na riƙe ciki, baiwar Allah ta ɗauka ita nake yi wa. Ai ni na san inda Malam ya samo dokar nan tasa. A gabana aka yi, kuma a daidai inda take tsaye.

Cikin shekarun tamanin ne, muna jihar Kano tukuna, azumi ma a tsakiyar bazara ya faɗo. Wanda bai tashi a fadama ba sai an yi masa bayani: Kwarin Giyayya ba shi da mai shi guda ɗaya, daga wannan hannu yake zuwa wancan. Da ruwan farko mu manoma mu watsa shinkafa, kowane gida ya san iyakar gonarsa ko ido rufe. Kogi ya cika ya shigo ta wata 'yar mashiga da muke kira Baki, shinkafa ta riƙa bin ruwa tana tsawo. Ruwan nan kuwa da kifin cikinsa na masunta ne, su bi ta kan gonarka da kwalekwale su kafa tarkonsu, ba ka da ta cewa. Ruwa ya ja baya, a bi damshi a shuka wake. An cire wake, Ardo ya gangaro da shanu su kiwace abin da ya rage, su bar mana taki. Mata na gefe suna yankan kaba. Sai a tsakiyar bazara, sati biyar ko shida, kwarin ke hutawa ba kowa a kansa.

Akwai kuma wata al'ada da kakanmu ya taho da ita daga bakin tafkin Chadi. Ranar da shinkafa ta nuna, ba mai sa lauje a gonar gida sai mai gida ya yi yankan farko da hannunsa. A shekarar Baba ya ce gwiwarsa ta gaji, bana zai miƙa lauje. Kowa ya san hannun da zai karɓa. Ni ne ɗan fari, ni na tsaya a gona lokacin da Bukar ya tafi boko, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jiran ranar.

To, amma shekara biyu a jere kogi bai cika ba. Ta farko ruwa ya shiga rabin kwari ya tsaya. Ta biyu ƙasan kwarin kawai ya jiƙa. Wasu suka ce ƙarancin ruwan sama ne, wasu suka ce madatsun da aka yi can yamma ne suka riƙe shi, mu dai ciki ne ya gaya mana. Rumbunmu tun kafin azumi ake jin ƙasansa. Iya takan auna hatsi da safe, ta tsaya ta dube shi, ta ɗebi hannu guda ta mayar. Kunun buɗa-baki sai da ya koma ana hango gindin kwano. Muka ci tuwon dusa, muka ci tafasa busasshiya, mata suka tono tushen bado a tsohon tafki. Ga zafi. Da azahar ko kaza ba ta motsi, iska in ta taso kamar an buɗe tanda.

Bukar kuwa ya gamo jami'a a Zariya, ya sami aiki a wani ofishi a Hadejia mai duba filayen noma. Lokacin an hana shigo da alkama daga waje, sai kowane mai hali a birni ya wayi gari manomin alkama. Fadama suke nema kusa da kogi, su yi mata jinga su tare ambaliya, su kafa injin ban ruwa. Ƙa'idar ita ce ba a ba su sai ƙasar da ba kowa a kai. Aka ba Bukar babur da taswira da takardu, aka ce ya zagaya ya rubuto abin da ke kan kowace fadama. Muna ta alfahari, ɗanmu ya zama ma'aikaci.

Ranar takwas ga azumi na bi ta kwarin da safe, sai na ga turaku a jere, an shafa musu jan fenti a ka. Ɗaya ma a tsakiyar gonarmu. Na ɗauki keke, na goya Bulama, mai garinmu, muka nufi Hadejia cikin ranar nan. Akawu ya ciro mana takarda ya ce an ba wani babban mutum kwarin, tun da bincike ya nuna ƙasar banza ce ba mai amfani da ita. Na ce wane mara kunya ne ya yi binciken? Ya juyo mini takardar. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma na iya gane sunan ubana in na gan shi. Ga shi nan a ƙasa, manne da na Bukar.

Ban san yadda na tuƙo keken nan zuwa gida ba. Bulama yana bayana yana ta cewa in yi a hankali, ni kuwa in da na gamu da Bukar a hanya da azumina ya karye.

Ranar Juma'a da yamma ya zo, da farar riga da agogo, da 'yar ledar dabino. Muka zauna a tabarmar ƙofar gida ana jiran kiran salla. Ban amsa gaisuwarsa ba. Da aka sha ruwa, Baba ya kurɓi kunu sau biyu ya ajiye ludayi.

"Bukar, shinkafar da ka ci ka girma, a ina aka nome ta?"

"A Kwarin Giyayya, Baba."

"To. Na ji an ce ka je ba ka ga kowa ba."

Bukar ya fara bayani da sauri. Wai takardar gurbi ɗaya ta ba kowace ƙasa, kuma cewa ta yi a rubuta abin da aka gani ranar da aka je. Ya je da azahar, ya ga ƙasa busasshiya, ya rubuta. Bai biyo ta gida ba don kada a ce ya fifita garinsu. Bai san da wannan takardar za a yi rabo ba. Na ce, "Wato shekara goma sha shida kana karatu don a koya maka ka manta hanyar gonarku?" Baba ya ɗaga mini hannu, na yi shiru. Ya ce gobe bayan asuba mu raka shi.

Da gari ya yi haske muka gangara mu uku, Baba yana ɗingishi da sandarsa da 'yar fartanya a kafaɗa. Ya wuce har ƙasan kwarin, kusa da wani turke mai jan kai, yana tafe yana duban ƙasa. Can ya tsaya a kan wani ɗan rami wanda bai fi a sa yatsa ba. Ya durƙusa da ƙyar ya fara tono. Ya yi zurfin kamu biyu, sai ya ciro wani dunƙulen laka, ya fasa shi a hankali. Gaiwa ce a ciki, kifin nan da ke naɗewa a laka ya jira damina, baƙa, mai ƙiba, tana motsi. Ya ɗora wa Bukar a hannu.

"Wannan ma tana nan ranar da ka zo," in ji Baba.

Bukar ya tsaya da kifi a hannu, laka tana ɗiga a farar rigarsa. Na so in ji sanyi a raina, amma tausayinsa ya ɗan kama ni, na kawar da kai don kada ya gani. Da gaiwar nan Iya ta yi mana miya ranar, wata guda rabonmu da ganin nama.

Ran Litinin ya goya ni a babur muka je wurin ogansa, Mista Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, dogo, mai magana a hankali. Muna shiga ya ɗauke kofin ruwan da ke gabansa ya sa a ƙarƙashin tebur, saboda azuminmu. Bukar ya ce in faɗa masa yadda kwarin ke zagayawa, na faɗa, har da abin da ba a tambaye ni ba. Ya saurara har na gama.

"Bukar, takarda ta riga ta tafi Kano," in ji shi. "Bayan kaka katafila za ta zo ta yi jinga. In aka yi jingar nan, ruwa ya bar shiga kwarin ke nan."

"Ranka ya daɗe, ba yadda za a yi?"

"Abu biyu. Ka rubuta da hannunka cewa ka yi kuskure, kuma ka sani zai zauna a fayil ɗinka har ka bar aiki. Sannan in zo in ga shinkafa tsaye a cikin ruwa da idona. In ruwa bai shiga ba bana, takardarka ta farko ta yi gaskiya, ni kuma ba abin da zan iya."

Bukar ya ce a ba shi takarda. A nan gabanmu ya rubuta, ya sa hannu, ya kuma nemi hutunsa na shekara.

Saura ruwa. Shekara biyun da kogi bai cika ba yashi ya toshe Baki, har ciyawa ta fito a kai. In ba a yashe shi ya yi zurfi ba, ko kogi ya ɗan taso wucewa zai yi ya bar mu. Da can gayya ake yi masa duk bazara. Bulama ya sa aka yi shela, ba wanda ya fito. Wani ya ce, da yunwa da azumi za mu haƙa wa mai alkama hanyar ruwa? Wani ya ce a gaban masallaci wai ɗan gidanmu ya sayar da garin, ya je ya kira waɗanda ya sayar wa su haƙa. Sai da aka riƙe ni. Ni zan zagi Bukar yadda na ga dama, amma ban ba kowa aro ba.

Washegari bayan asuba Bukar ya ari shebur ɗina ya tafi Baki shi kaɗai. Na bi shi daga nesa na zauna a gindin giyayya ina kallo. Wallahi ban taɓa ganin mai riƙon shebur irin nasa ba, kamar mai riƙe da cokali. Ya ɗebi yashi ya watsa, rabi ya dawo cikin ramin. Kwana biyu ina kallonsa, fushi bai bar ni na tashi ba. A rana ta uku na ga ya naɗe hannuwansa da tsumma, tsumman ya yi ja. Na sauka na fizge shebur ɗin na ce, "Matsa, kana ɓata mini kaya. Ɗauki kwando ka riƙa kwashewa."

Da aka ga 'ya'yan gida guda biyu a rami, kunya ta fara fito da mutane. Masunta ne suka fara zuwa, don su ne suka fi kowa sanin abin da za su rasa. Manoma suka biyo. Ardo ya ji labari a inda suka yi zango, ya turo mazaje shida da ƙwarya biyu na nono, aka ajiye a inuwa sai magariba. Mukan fara da hasken asuba mu tsaya da hantsi, mu koma bayan la'asar. Tsakanin nan kowa ya nemi gindin itace ya miƙe. Leɓe ya tsage, yawu ya ƙafe, ko waƙar gayya ba mai iya yi, sai ƙarar shebur da nishi. Mukan tsoma riga a ɗan ruwan da ya rage a tsakiyar kogi mu ɗora a ka, kafin ka dawo rami ta bushe. Da rana ta kusa faɗuwa sai mata su taho da ƙorai a ka, kowace da abin da gidanta ya samu, a haɗa a tabarma guda. Kunun tsamiyar nan tsararo ne, amma ban sake shan mai daɗinsa ba. Iya takan dama lalle ta shafa wa Bukar a tafin hannu, tana yi tana masa faɗa. Kwana uku bayan salla muka fasa yashin ƙarshe, ramin ya kai ƙirjina.

Ruwan farko ya sauko da iska mai ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, muka watsa ɗan irin da muke da shi. Ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta ɗauke. Sati uku hadari yana haɗuwa da yamma, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta kwashe shi ta yi arewa da shi. Muna kallo tsiron ya yi ja ya kwanta. Ranar da na tabbata ya mutu na dawo gida na kasa cin abinci, don na san ba sauran iri a garin.

Ashe akwai. Da ruwa ya dawo, Iya ta kira ni ɗakinta ta ce in ja gadonta. A ƙarƙashi akwai tulu biyu an liƙe bakinsu da laka da toka, cike da irin shinkafar gida. Duk watannin nan da muke cin dusa yana nan, ko Baba bai sani ba. Na ce, "Iya, muna mutuwa da yunwa kina kwana a kan shinkafa?" Ta ce, "Ka mutu ne? Ɗauka ka kai wa Bulama, a raba gida-gida." Aka raba, kowa ya sami ɗan abin watsawa. Muka sake shuka.

Daga nan sai jiran kogi. Baba ya kafa kara a bakin ruwa ya yi masa tsaga, kullum da safe sai ya ɗingisa ya je ya duba. Yau ya hau yatsa guda, gobe ya tsaya, jibi ya sauka. Shinkafa tana son ruwan kogi a kan lokaci, in ya makara ciyawa ta cinye ta. Bukar hutunsa ya ƙare, amma duk Asabar yana tafe a babur da taswira da fensiran launi. Ya daina yin taswira guda. Kowane wata sai ya zana kwarin sabo, ya bi mutane yana tambaya wa ke nan yanzu, wa zai zo bayansa, me ake samu. Har Ardo ya bi zangonsu ya zauna da shi yini guda. Mutanen gari suka sa masa suna Malam Wa-ke-nan.

Wata Talata bayan azahar wani masunci ya shigo gari da gudu ya ce ruwa ya kama Baki. Kowa ya bar abin da yake yi. Muka tarar ruwan ya shigo ramin da muka haƙa, siriri, ja, yana turo kara da kumfa a gabansa, yana tafiya a hankali. Muka jeru gefe da gefe muna binsa da ƙafa, maza da mata, har tsofaffi. In ya ci karo da tudun yashi sai wani ya sa hannu ya buɗe masa. Da ya kai bakin kwari ya fara bin tsagar ƙasa, kana jin ƙasar tana sha. Baba ya tsuguna ya ɗebi ruwan ya wanke fuska. Bukar ba ya nan, yana ofis. Ni da kaina na hau keke na kai masa labari, ni da na yi rantsuwa ba zan sake taka ofishin nan ba.

Ruwa ya cika kwarin cikin kwana goma sha biyu. Shinkafa ta bi shi, kifi ya shigo, agwagin ruwa suka sauka. Yunwa ba ta tafi ba tukuna, amma an sami kifin miya, yara suka fara wasa da yamma. Sai ga katafila, tun shinkafa ba ta gama nuna ba. Aka sauke ta a tudun da ke kallon kwarin aka rufe ta da tamfol. Direbanta mutumin kirki ne, yana cin kifinmu yana buga dara da mu, amma kowa ya fito gida da safe ita yake fara gani. Mista Bitrus kuwa shiru. Sau biyu yana sa rana yana ɗagawa. Na ce wa Bukar ogan nan nasa ya yaudare mu, ya ce in yi haƙuri zai zo.

Ya zo ranar yankan farko. Ruwa bai gama janyewa ba, ƙasan kwarin sai da jirgi. Mista Bitrus mutumin dutse ne, bai taɓa shiga kwalekwale ba. Ya cire takalma ya rungume su, ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe da ɗaya hannun kamar za a ƙwace masa. Baba yana gaba da lauje a cinya, Bukar yana kusa da ogansa, ni ina baya da gora ina tuƙi. Muka ratsa cikin shinkafa, zangarniya tana shafar jirgi tana zuba a ciki. Jiragen gidaje sun jeru kowa a bakin gonarsa. Masunta suna ɗaga tarko. A kan tudu ga Ardo da mutanensa sun zo da kansu, shanunsu na bayansu suna jiran lokacinsu.

Mista Bitrus ya ce, "Malam Modu, ina turakun da aka kafa?"

Na soka gora na taɓo guda, ya yi ƙwas a ƙarƙashin ruwa. Na ce, "Ga ɗaya nan, ranka ya daɗe. In kana son ganin jan fentin sai ka nutsa."

Ya ce ya yafe. Bukar ya buɗe masa taswirorin a gwiwa ɗaya bayan ɗaya, wata bakwai, kowace da launinta da sunayen masu wurin. Ya duba takarda, ya ɗaga kai ya duba kwari, ya daɗe yana haka. Sannan ya ajiye takalman, ya ciro biro, ya yi rubutu mai tsawo a bayan wasiƙar Bukar ya sa hannu. Ya ce, "Ni na gani. Wanda ya ce ba kowa a nan, ya zo in ara masa jirgi."

Baba ya juyo ya ce, "Bukar, me ka rubuta musu a wasiƙar?"

Bukar ya karanta masa da Hausa. Gajeriya ce. Ta ce shi ne ya rubuta Kwarin Giyayya ƙasar banza, kuma ba haka ba ne. Ya je sau ɗaya, a watan da ƙasar ke hutawa, bai tambayi kowa ba. Laifin nasa ne shi kaɗai.

"Da sunanka a ƙasa?"

"Da sunana, Baba. Da naka."

Mun iso bakin gonarmu. Na kafa gora na tsayar da jirgi, na goge hannuna a riga, don lokacin miƙa lauje ya yi. Baba ba ya kiran sunana, kunyar ɗan fari. Ya dube ni ya ce, "Kai, riƙe mana jirgin da kyau." Ya miƙa wa Bukar lauje.

Na ɗauka zan ji zafi. Na tsaya ina jiran fushin nan nawa da kowa ya sani ya taso, bai taso ba. Abin da ya cika mini ƙirji daɗi ne, har idona ya kawo ruwa. Ƙanina ne wannan, wanda ya ɓata da hannunsa, ya tsaya a gaban ogansa da gaban garinsu ya ce shi ya ɓata, ya kuma shiga rami ya gyara. Ban taɓa alfahari da wani mutum kamar ranar ba. Ya sunkuya ya kama shinkafa ya ja lauje, ya yanko 'yan zangarniya biyar tare da gefen yatsarsa. Jiragen da ke kusa suka kwashe da dariya, mata suka yi guɗa daga tudu, kowa ya sa lauje a gonarsa.

Bayan sati uku aka zo aka ɗauke katafila. Bukar ya biya kuɗin gaskiyarsa, aka tsallake shi a ƙarin girma, aka tura shi wani ofishi can nesa inda ko wutar lantarki babu. Daga can ya sami tafiya ƙarin karatu a waje. Cikin shekarun casa'in ya dawo yana yawo da taswirori daga wannan taro zuwa wancan, yana cewa a riƙa sakin ruwa daga madatsu saboda mutanen fadama. Wani lokaci a saurare shi, wani lokaci a ba shi shayi a sallame shi. Yanzu an sami injin haƙa, ba a gayyar Baki kamar da, ciyawar kacala kuma ta cinye mana gefe guda. Amma kwarin yana nan, yana zagayawa daga hannu zuwa hannu.

Da muka dawo mota na ce wa Rifkatu, in za su dawo da kaka su zo ranar yankan farko, za su tarar da Malaminsu a nan. Ta yi mamaki, ta ce ai watan nan kullum yana da taro a ƙasashen waje. Na ce ya san yadda yake yi da su. Ban da lokacin karatunsa a waje, tun daga shekarar nan bai taɓa fashi ba, Baba ya rasu, Iya ta rasu, lauje yana rataye a ɗakina yana jiransa. Har yau bai iya riƙe shi ba. Ni nake riƙe masa jirgin.